Tsakuwa Biyu a Bakin Zanena

Ni ba mai fita ba ce, duk wanda ya san ni a garinmu zai faɗa maka haka. Tun ina yarinya in an ce a tafi itace sai cikina ya fara ciwo, in an ce a zauna a tsince wake sai in warke. Lakwal ma, makarantar boko, shekara biyu na yi, na iya rubuta abin da bakina ya faɗa, na dawo gindin murhu. Abin da Allah ya ba ni baki ne da kunne. Ina kwance cikin ɗaki nake sanin wace ce ke daka a unguwa, gero take dakawa ko dawa, kuma ranta a ɓace yake ko a sake.

Yunwa ce ta fitar da ni. Garinmu yana ƙasar Buza, ba nisa da Dewule, kuma shekarar nan da nake faɗi damina ta yi mana rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wajen lokacin da anka fara aikin jera duwatsu don tare ruwan sama a Kaita ke nan. Tun kaka maza sunka tafi bida, wato ci-rani, wasu Najeriya, wasu har bakin teku. Anka bar mu da tsofaffi da yara da rumbuna masu amsa kuwwa. Da bazara ta shigo, abin da ya rage mana shi ne anza. Ɗan itace ne da fari ba ya kashewa, amma ƴaƴansa ɗaci gare su kamar maɗaci. Sai an ɓare, an jiƙa kwana huɗu ko biyar ana zubar da ruwan ana sake wani, kana a dafa a ba yaro ya haɗiye yana yamutsa fuska. Wadda ke kusa da gari an gama da ita tun da wuri. Sai dai a hau saman dutse, can kan fako, tafiyar da ake farawa da asuba a isa da hantsi.

Mace ɗaya ba ta wannan tafiya. Ƙungiya muke yi, kuma mai jan mu gwaggon maigidana ce, wadda kowa a gari ke ce wa Inna. Gajeriya ce, siririya, maganarta ba ta cika cokali ba. Ubanta daga gidan Azna ya fito, masu bin addinin gargajiya, shi ke jan mafarauta a zamaninsa. Ita tana sallarta kamar kowa, amma daji ta gada, ta gaji kuma wata ƴar ƙwarya da ta tsufa har ta yi baƙi. In za mu fita, kowace mace sai ta tsinci tsakuwa guda ta jefa a ciki. In an gama aiki za a juyo gida, Inna ta aje ƙwaryar a ƙasa, kowa ta zo ta ɗauki guda ta ƙulle a bakin zane. In ƙwarya ta zama wayam, an cika, a tafi. In tsakuwa ta rage, akwai wadda ba ta dawo ba, kuma ba mai ɗaga ƙafa. Ta ce ubanta ya yi shekara da shekaru yana kai maza daji da wannan ƙwarya, bai taɓa barin kowa a baya ba.

Tana da wata doka kuma: ba ta hawa dutse da mai ciki.

To, ina da maƙwabciya, danga ɗaya ta raba mu. Daga Azarori anka auro ta, Ƙawa nake ce mata, ita ma haka take ce mini. Tare muke daka. Tana da wani salon lugude nata, bugu uku da sauri, ta ɗan tsaya, ta ƙara guda mai nauyi. Ta yi ɓari sau biyu, shi ya sa na ukun nan ta ɓoye shi kamar allura cikin rairayi. Yunwa ta rame da ita, ga babban zane, ba wanda ya gane. Ni kuwa kunnena ya gaya mini.

Na leƙa ta kan danga na ce, "Ƙawa, taɓaryarki ta yi nauyi kwanakin ga. Wata nawa?"

Ta zaro ido. "Ke dai mayya ce. Biyat." Sai ta matso ta rage murya. "Ki rufa min asiri don Allah. In Inna ta jiya ba ta tahiya da ni. Tsohuwa uwar mijina na ɗaki, idonta ba shi gani, ɗanta ko wasiƙa babu. Mi za mu ci?"

Na ce zan raba tawa da ita. Ta dubi yarana uku da ke zaune gindin turmi, ta ce in daina zancen banza. Na rantse mata ba zan faɗa ba. Ni da ba na iya riƙe magana daga safe zuwa azahar, wannan na riƙe ta, kuma da ma ban riƙe ba.

Ranar da abin ya faru mu goma sha ɗaya ne, da jakin Inna ɗauke da bido biyu, wato jarkoki, na ruwa. Mun isa lafiya, mun samu anza da yawa a bakin wani kwazazzabo, kowa ta duƙufa. Rana ta yi tsaka, dutse ya ɗauki zafi har ta cikin takalmi kana jin sa, Inna ta ce a ɗaure kaya. Ni na yi dabara na ce Ƙawa na ciwon wuya, anka ɗora buhunta kan jaki, ita ƙwaryarta ta tsintar anza kawai za ta riƙe. Ana cikin ɗaure-ɗaure ta ja ni gefe.

"Zan zaga bayan dutsin can. Ɗaukar min tawa."

"Ki bari ki ɗauka da kanki mana."

"Sau huɗu na zaga yau, tana kallona. In ta ga tsakuwa ta rage ta tambaya, ta gane. Yanzu ina cim muku."

Na duƙa kan ƙwarya na sa yatsu na ɗauko biyu kamar guda nake ɗauka. Na ƙulle a bakin zanena. Inna ta zo ta duba, ƙwarya wayam, ta kife ta cikin kayanta ta ce bismillah.

Hanyar saukowa siririya ce, ɗaya bayan ɗaya ake bi, kuma mai kaya a ka ba ta waiwaye. Inna a ƙarshen layi take tafiya kullum, amma ranar nan kayan jaki sunka yi ta zamewa, sai ta wuce tsakiya tana tallafe da su. Ni ina gaba. Matar maƙeri, wata doguwa mai kaifin harshe, ta tsokane ni da zancen ranar da akuya ta shiga ɗakin surukata ta cinye goron biki. Na karɓe labarin daga bakinta don ba ta iya ba da shi ba. Na yi muryar surukata, na yi muryar akuya, mata na dariya har kaya na rawa a kansu. Mutanen da sunka kwana biyu ba su ƙoshi ba, ga su suna dariya, ni kuwa daɗi ya cika ni. Daga wannan labari na shiga wani. Sau ɗaya Ƙawa ta faɗo mini a rai, na ce ai tana baya wajen jaki, na ci gaba.

Sai da munka sauko sarai munka kai wata aduwa da muke hutawa a gindinta, rabin hanyar gida. Nan Inna ke raba ruwan ƙarshe, ludayi ɗaya kowa, kuma ta iya awonta, ba ya ragewa ba ya gazawa. Munka sha. Ta girgiza bido, ta ji motsi a ciki.

Ta ce, "Ruwan mutum guda ya rage. Wa ba ta sha ba?"

Ta bi fuskokinmu da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ni kuwa tun kafin ta gama hannuna ya kai bakin zanena. Na kwance ƙullin, tsakuwa biyu sunka faɗo kan ƙasa gaban kowa.

Matar maƙeri ta fara. "Ke kin kashe ɗiyar mutane da surutunki. Baki kamar gangar biki, kai kamar..."

Inna ta ɗaga hannu, ba ta ko dube ta ba. Ni take kallo. "Ina ta ce za ta?"

"Bayan dutsin da ke bakin kwazazzabo."

"Don mi ba ta ɗauki tata ba?"

Rantsuwa na gefe guda, Ƙawa na gefe guda.

"Ɗiyata, ba lokacin kunya ba ne. Rana na tahiya."

Na ce, "Ciki gare ta, Inna. Wata biyat."

Wata ta yi salati. Inna ta rufe ido kaɗan, ta buɗe, ta duƙa ta tsince tsakuwan nan biyu ta miƙo mini. Ta ce, "Riƙe. Ke za ki ba ta tata da hannunki."

Daga nan ba ta sake tambayar kowa ra'ayi ba, amma kuma ba ta tilasta wa kowa abin da ba ta iyawa ba. Akwai wata mai yara biyar da ta fara kuka, ta ce nata ba su ci komai ba tun jiya, ba ta iya koma hawa. Na zaci Inna za ta yi mata faɗa. Sai ta ce mata ta ɗauki kayanta ta tafi gida, ta biya gidan tsohuwar surukar Ƙawa ta zauna da ita, kada ta gaya mata komai sai dai an tsaya gyaran kayan jaki. Matar maƙeri kuwa, da ke ta huci tana harara ta, Inna ta ce mata, "Ke kin fi kowa tsawon ƙafa. Ɗauki bidon ga, ke da ƙanwarki, ku tahi rijiya ku cika, ku dawo nan gindin aduwa. Zahin da kike ji ki sa shi ga sawu." Tsofaffi biyu ta bar su gadin kaya. Anka sauke wa jaki buhuna, anka bar masa igiya. Mu biyar munka juya: Inna, ni, da mata uku masu ƙarfi. Ruwan ludayi ɗayan nan Inna ta riƙe shi da kanta, ta ce ko wadda ta suma a cikinmu ba ta taɓa shi, mai shi na can sama.

Hawan nan na biyu ban san yadda zan faɗe shi ba. Ƙafafuna da ba su saba ba sun riga sun yi ruwa, harshena ya manne. Ina tafe ina lissafin tun yaushe ta sha ruwa, ina tuna ɓarinta na biyu, ni na wanke mata zannuwa. Na fara kuka. Inna da ke bayana ta ce, "Hawaye ma ruwa ne, adana abinki."

Munka kai wurin da munka tsinci anza. Bayan dutsen babu kowa. Fako ne, ƙasa mai tauri, ba ta riƙe sawu. Munka warwatsu muna kira, ni na fi kowa, ina Ƙawa, Ƙawa, har muryata ta dushe. Iska na kaɗawa tana mayar mana da kiranmu. Ɗaya daga cikin matan ta ce wataƙila ta bi wata hanya ta sauka. Wata ta ce a bar zancen, wurin nan da ma an ce ba shi da kyau, masu abu ne, aljannu, sunka ɗauke ta.

Inna ta tara mu. Ta ce, "Kun yi ta kira, wa ya saurara? In tana amsawa ma ba mu ji." Ta juyo gare ni. "An ce kina jin taɓarya daga ƙarshen gari. Yau rufe bakin, buɗe kunnen. Ku kuma ku zauna, ko tari kada in ji."

Munka zauna kan dutse mai zafi. Inna ta riƙe bakin jaki. Na rufe ido. Da fari iska kawai nake ji, da bugun zuciyata, da cikin wata da ke ƙugi. Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba tun da uwata ta haife ni. Can sai na ji wani abu, ƙwas ƙwas, nesa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ta kusa da ni ta raɗa mini cewa tsuntsu ne ke saran itace. Na girgiza kai. Ya ɗauke. Ya dawo. Uku da sauri, shiru kaɗan, guda mai nauyi.

Na miƙe ina nuna yamma. "Ita ce. Lugudenta ne."

Ba inda muke nema ba ne. Kunya ta sa ta yi nisa, ta bi bakin kwazazzabo har inda ya lanƙwasa. Nan jiri ya ɗebe ta, gefen ya zabtare da ita. Munka leƙa, ga ta can ƙasa, zurfin ya kai tsayin mutum uku, ta jingina da bango cikin ƴar inuwa, ƙwarya kife a cinyarta tana bugunta da dutse. Ta ɗago kai ta gan mu, bakinta ya motsa, murya ba ta fito ba.

Na yunƙura zan dira, Inna ta cafke zanena. "In kin karye mu ɗauki wa mu bar wa?" Ta sa anka kwance igiyar jaki. Ba ta kai ba. Ta kwance ɗankwalinta ta ƙulla, mu ma munka kwance namu, wata ta ba da zanen da take yin gammo da shi. Inna ta bi kowane ƙulli ta ja da haƙori. Ta ce wadda ta fi rashin nauyi ita za ta sauka, kuma kowa ya san ita ce. Munka ce haba Inna, da tsufanki. Ta ce tsufan ne ya sa ba ta da nauyi. Ta rataya bidon nan mai ludayi ɗaya a wuya, mu huɗu munka dafe ƙafa da dutse muna sakin igiya a hankali har ta taka ƙasa.

Daga sama ina jin komai. Ba ta ba ta ruwan gaba ɗaya ba. Ta jiƙa bakin zane ta shafa mata a leɓe, ta ba ta kurɓi, ta jira, ta ƙara. Ta taɓa ƙafar da ta kumbura, ta ce targaɗe ne, ba karaya ba. Sai ta ɗora tafin hannunta kan cikin, tana jiran motsi. Ya daɗe.

"Shina motsi," in ji Inna. "Mai taurin kai ne kamar uwarsa."

Ɗaya daga cikin matan ta fashe da dariya tana share ido.

Fitar da ita ya fi komai wuya. Inna ta ce ba a ɗaura mata igiya a ciki. Ta yi mata kamar majanyi, ta ƙarƙashin hammata da cinyoyi, tana turawa daga ƙasa, mu muna ja, tana ba mu murya: ku ja, ku tsaya, ku ja. Ɗankwali ɗaya ya fara yagewa, nawa ne ma, na ji ƙarar zaren tun kafin a gani, na ce a tsaya. Munka riƙe ta a rataye har wata ta kwanta rub da ciki ta kamo hannunta. Da ta fito na rungume ta ina ta magana, ban san me nake cewa ba. Ita kuwa da ƙyar ta ce, "Ƙawa, tun ɗazu nike jin ki. Kin hana ni amsawa."

Na kwance bakin zanena na sa mata tsakuwarta a hannu. Sai da munka ji murya daga ƙasa tana cewa, "In kun gama gaisawa, akwai tsohuwa a rami," kana munka tuna da Inna.

A kan jaki munka sauko da ita, biyu na riƙe da ita dama da hagu. Matar maƙeri ba ta tsaya gindin aduwa ba, ta hauro da ruwa har rabin dutse, gumi ya jiƙe ta. Ta ba Ƙawa, ta ba Inna, ta ba sauran, ta miƙo mini a ƙarshe. Bayan magariba munka shiga gari, kanmu ba ɗankwali, mutane na kallo.

Tsofaffin gari na zaune ƙofar masallaci, labari ya riga ya kai musu. Ɗaya ya tambayi Inna yadda anka yi ƙwaryar ubanta ta bar mutum a daji. Na san sunana zai fito. Inna ta ce, "Ƙwarya ba ta da ido. Ni ke da shi, kuma ban duba ba. Na ƙidaya duwatsu ban ƙidaya mutane ba." Ta ja jakinta ta wuce. Matan nan tara kuwa, har matar maƙeri, ba wadda ta ƙara kalma a kai, ko ranar ko bayanta.

Kwana biyu ina jiran faɗana. A na uku Inna ta shigo gidanmu ina sake wa anza ruwa. Ta zauna kan turmi ta ce dokarta ta hana mai ciki hawa ita ta sa yarinyar nan ɓoyewa, don ta hana ba ta ce ga abin da mai cikin za ta ci ba. Daga yau duk wadda ke da ciki ta zauna gida, kowace mace ta zuba mata ƙwarya guda daga abin da ta samo. Na ce madalla. Ta ce ba ta gama ba.

"Ƙwarya guda daga kowa ba ta isa mutum biyu da rabi. Ke za ki cika sauran. Duk hawan da za a yi har ta haihu, da ke."

"Inna, kin san ni da tahiya."

"Na sani. Kuma a baya za ki tsaya, bayan jaki. Ki yi ta zuba yadda kike so, amma kowace ki kira ta ta amsa miki. In na ji kin yi shiru na san wani abu ya faru."

Haka na yi sauran bazarar nan, ni da ko kasuwar Madawa sai an yi mini dole. Ƙafafuna sunka tsage, sunka warke, sunka yi kanta. Ina bayan jaki ina shan ƙurarsa, ina kiran mata ɗaya bayan ɗaya, ina tsokanar kowace har ta tanka. Matar maƙeri ta ce da ta san haka hukuncin zai zama, da ta roƙa a yafe mini.

Ƙawa ta haihu ana cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Mace ce, ƙarama ƙwarai, amma da ta buɗe baki har bayan danga anka ji ta. Inna ta zo barka, ta ɗauke ta ta juya ta ta duba, ta dube ni, ta ce wa uwar, "Wannan muryar ba taki ba ce. Kin cika zama kusa da wasu."